Hannun da Ya Saba da Bakin Saniya

Gagarawa Tasha

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maigidan da ya sauke ka a Maigatari da iyalinsa baki ɗaya. Allah Ya tsare ka a zaune da tsaye, Ya tsare gaɓoɓinka ɗaya bayan ɗaya, Ya sanya albarka a wannan aiki na malamin dabbobi da ka fara. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Labarin gida ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba, saboda haka ba zan tsaya a kansa ba.

Ranar Juma'a da hantsi Ɗanladi direba, ɗan ƙanwata, ya same ni a zaure ina shan kunu. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Kawu, jiya na ga aikin ɗanka a karar dabbobi ta Maigatari. Wallahi ya burge mutane."

Na ce, "Madalla. Me ya yi?"

Ya ce, "Wata taguwa ce, macen raƙumi, aka kawo daga Damagaram, ta ƙi cin komai. Buzun da ke da ita yana ta kewaye-kewaye, wai a nemo igiya a ɗaure mata muƙamuƙi. Habibu ya ce a bar igiya. Ya naɗe hannun riga, ya zura hannu ta gefen bakinta, ya jawo harshen, ya leƙa ciki kamar mai duba tukunyar miya. Buzu sai da ya dafe rawani."

Yana faɗa yana dariya, har ya lura ni ba na yi.

Na ce, "Har ina hannun ya shiga?"

Ya ce, "Har wajen agogo."

Na ce, "Wane hannu?"

Ya ce, "Haba Kawu, da wane hannu ake aiki?" Sai idonsa ya sauka a kan hannuna na dama. Bai ƙara zama ba, ya ce fasinja na jiransa.

Habibu, ban san lokacin da na ajiye ludayin ba. Na zauna a wurin har aka kira salla, kunun ya yi sanyi. Na yi shekaru ina zaton na gama firgita a kan raƙumi. Ashe sauran na nan, an ajiye mini shi a jikin ɗana.

Ba faɗa zan yi maka ba, kuma ba na raina makarantar da ka yi. Na tabbata an nuna muku hoton bakin raƙumi a littafi, kuma da za a tambaye ka sunan kowane haƙori za ka faɗa da Turanci. Kanka ya sani. Hannunka ne bai sani ba, domin shi tun kana ƙarami ya yi tasa makarantar, kuma ni ne malaminsa. Ka tuna lokacin da nake kai ka rugar kawunnaina a bayan Sule Tankarkar, na kama yatsunka na sa su a bakin maraƙi, na ce maka kada ka ji tsoro. Gaskiya na faɗa maka, amma gaskiyar saniya ce kaɗai. Saniya da harshe take kamu. Takan naɗe ciyawa da shi, ta danne a kan dasashin sama inda babu haƙori ko ɗaya, ta fizga. A gefen bakinta kuma, tsakanin haƙoran gaba da turame, akwai fili wanda babu komai a ciki. Nan muke zura hannu mu kamo harshe idan za mu yi ɗurar kanwa ko mu ciro abin da ya maƙale. Duk wanda ya tashi cikin shanu hannunsa ya san wannan fili kamar yadda ya san aljihun rigarsa. Yana zuwa can da kansa, ba ya jiran shawara.

Zan ba ka labarin yadda na yi ta kuskuren gane abin da dabba take kamu da shi. Ka yi haƙuri da tsawon maganar.

Na farko ina saurayi, gemu bai fito ba. Wani shaho ya addabi 'yan tsakin gidanmu, na ɗana masa tarko, ya faɗa. Da na zo ɗaukarsa, bakinsa na duba. Baki ne mai lanƙwasa kamar lauje, yana buɗe shi yana huci. Na ce a raina nan haɗarin yake. Na yi dabara na cafke bakin da hannu ɗaya, na kai ɗayan ƙarƙashinsa domin in ɗaga shi. Ban ga motsin ƙafarsa ba. Sai dai na ji faratansa sun shige tsintsiyar hannuna, uku ta gaba, ɗaya ta baya, sun haɗu a cikin nama. Na ja, suka ƙara shiga. Na buge shi, suka ƙara shiga. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsuntsun ba ya ko yunƙuri. Yana kallona kawai, kamar riƙon ba ya cin ƙarfinsa.

Kakanka ya fito ya same ni ina tsalle da shaho a hannu. Ya ce, "To, wa ya kama wani a cikinku?" Ya durƙusa, ya lulluɓe kan tsuntsun da hularsa, ya kama ƙafar ya miƙar da ita a hankali. Tana miƙewa faratan suka saki. Ya nuna mini cewa idan ƙafar shaho ta lanƙwashe, jijiyar ciki takan ja faratan su kulle da kansu, ba sa buɗewa sai ta miƙe. Bakin da na tsorata da shi na yanka nama ne bayan an gama kamu. Kamun kansa a ƙafa yake.

Shawarata a nan ita ce, kada ka auna haɗarin dabba da inda ta fi ban tsoro a ido. Kafin ka taɓa wadda ba ka saba da ita ba, ka tsaya ka ga yadda take cin abinci. Abin da take ɗaukar abincinta da shi, da shi za ta ɗauke ka. Dubi akuya yadda take tsince ganyen bagaruwa daga tsakanin ƙaya da leɓɓanta, ɗaya bayan ɗaya, ba ta soke ba. Dubi hawainiya a kan reshe: yatsunta sun rabu gida biyu suna matse reshen kamar awartaki, wutsiyarta kuma ta naɗe wani reshen a baya, ko iska ta kaɗa ba ta faɗuwa. Kunama ma da mutane ke kallon wutsiyarta, da hannuwan gaba take fara riƙe ƙwaro kafin harbi ya biyo. Allah bai bar ko ɗaya ba tare da abin riƙo ba, sai dai bai sa shi a wuri ɗaya ba.

Da na ɗauki wannan darasi yadda ya kamata, da na biyu bai same ni ba. Shi abin dariya ne ga waɗanda suka gani, ni dai ban yi ba. Ina sabon aure, na je Gumel na sauka gidan wani abokina mai sayar da fatu. Yana da jan biri a ɗaure a gindin darbejiya. Sarƙar ta ci masa ƙugu, aka ce a riƙe shi a sassauta. Na ce ni zan riƙe. Na duba na ga hannuwa biyu irin nawa, har da babban yatsa da farce. Na lissafa cewa idan na kama su biyun na gama da shi. Na kama. Sai ya ɗago ƙafafunsa ya damƙi gaban rigata da su, damƙa sosai irin ta hannu, ya jawo kansa ya hau ƙirjina, fuskarsa daidai tawa, haƙoransa a waje. Na sake shi ban san na sake shi ba. Ya tafi da hulata saman bishiya.

Abokina yana dariya har da hawaye. Ya ce, "Idi, kai biyu ka ƙirga, shi kuwa huɗu gare shi."

Da aka sauko da shi na duba tafin ƙafarsa. Babban yatsan yana ware a gefe, yana iya juyowa ya haɗu da sauran, daidai da na hannu. Na daɗe ina kallon abin. Ni da na ɗauka ƙafa ta tafiya ce kawai, don tawa ta tafiya ce.

Kada ka auna jikin dabba da jikinka, kuma kada ka auna dabbar da ke gabanka da wadda ka baro a gida. Kamannin da ka gani a waje ba alkawari ba ne.

Yanzu na zo kan abin da kuka taso kuna gani a hannuna. Kun san raƙumi ne. Ban taɓa zaunar da ɗayanku na faɗa masa yadda aka yi ba, domin ba na son tuna shi, kuma ban ga amfanin faɗa ba. Yau na gani.

Kana goye a lokacin. Ina dillancin shanu a wannan karar da kake aiki a cikinta yanzu, kuma an san ni da sanin shekarun sa. In na buɗe baki na duba haƙora, abin da na faɗa shi ake bi. Ana tsakiyar sanyi, wani ɗan kasuwa da nake yi wa hidima ya ga wani amale, wato namijin raƙumi, ya yi sha'awarsa. Ya ce, "Malam Idi, zo ka duba mini bakin wannan, kada a sayar mini da tsoho."

Ban taɓa duba bakin raƙumi ba. Ya kamata in faɗi haka. Amma akwai mutane a wurin, kuma an kira ni da sunan gwani.

Amalen yana gurfane, an ɗaure masa gwiwa ɗaya. Kumfa na zuba daga bakinsa, yana cizon haƙora, yana wani gurnani daga can cikin maƙogwaro. Jim kaɗan sai ya fito da wata jar tsoka kamar jaka ta gefen baki, ya hura ta, ya mayar. Ni na ɗauka ciwo ne, har ina shirin in ce a rage kuɗi. Ban san alamar barbara ba ce, lokacin da amale ba ya gane ko mai shi. Buzun da ya kawo shi, wani dattijo mai suna Agali, ya ce mini, "Ka dakata in sa masa igiya. Kwanan nan ba shi da kirki."

Na ce, "Na buɗe bakin bijiman da suka fi shi faɗa."

Ya ce, "Wannan ba bijimi ba ne." Ya juya zai ɗauko igiyar.

Ban jira ba. Ban ma yi shawarar komai ba, hannun ne ya tafi inda ya saba zuwa, gefen baki, wurin filin nan da babu haƙori. Habibu, a bakin raƙumi nan ne fiƙoƙi suke. Daidai wurin da saniya ta bar mana fili, nan Allah Ya dasa wa amale haƙora masu tsini, sama da ƙasa, wasu sun kai tsawon ɗan yatsa. Da su yake kama wuyan ɗan'uwansa ko ƙafarsa in suna faɗa, ya riƙe har sai ɗaya ya faɗi. Leɓensa na sama mai tsaga, wanda yake tsinkar ganyen aduwa da shi a hankali kamar yatsu biyu, shi ke ruɗin mutum ya ɗauka bakin mai laushi ne. Leɓen na ganye ne. Abin da ke bayansa na riƙe abu mai rai ne.

Ban ji zafi da farko ba. Ƙara na ji, irin ta busasshen karan dawa in an taka shi, sai daga baya na gane daga jikina ta fito. Sannan ya ɗaga wuya. Ƙafafuna suka bar ƙasa. Ni, magidanci mai iyali, ina rataye a bakin dabba kamar tsumma. Na ga saman rumfunan kara, abin da ban taɓa gani ba. Na ga wata mai fura ta saki ƙwarya. Takalmina ɗaya na gan shi a ƙasa, na yi mamakin nisansa. Ya girgiza ni hagu da dama, ya buga ni da ƙasa, bai saki ba, ya fara jawo ni ƙarƙashin ƙirjinsa domin ya danne. Mutane suna dukansa da sanduna, kuma kowane duka ƙara matse haƙoran yake yi, irin na shahon nan.

Agali ne ya warware rawaninsa, ya toshe masa hanci da shi, ya danna da dukkan ƙarfinsa. Da numfashi ya gagare shi sai ya buɗe baki. Aka jawo ni. Na duba hannuna na ga wani farin abu ya leƙo ta cikin nama. Na tambayi wanda ke kusa da ni mene ne wannan. Sai ya kau da kai.

An kai ni wurin mai ɗori, daga baya aka kai ni asibiti. Ƙashi ya haɗu. Jijiya ba ta haɗu ba. Babban yatsa da biyun da ke binsa suka lanƙwashe suka tsaya yadda kuke ganinsu.

Sai bayan nan na san abin da ɗan Adam yake kamu da shi. Na yi shekaru talatin da wani abu ina amfani da babban yatsana ban taɓa dubansa ba. Shi ke juyowa ya tari sauran huɗun, kuma a wannan haɗuwa tasu ne ƙotar fartanya take, da igiyar sa, da allura, da alƙalami, da lomar tuwo. In ya tafi, sauran yatsun suna nan amma ba su da abokin aiki. Na bar dillancin shanu, domin wanda ba ya iya riƙe igiya ba ya tsayawa a kara. Ajamin da na iya rubutawa da dama ya tafi tare da ita. Bokon nan da kake karantawa da hagu na koye shi, a ajin yaƙi da jahilci, ina zaune cikin mutanen da ba su taɓa riƙe alƙalami ba.

Akwai abin da ya fi waɗannan nauyi. Kun taso kuna ganin ana kai mini abinci ɗaki ni kaɗai, kun ɗauka ɗabi'ata ce, ko girman kai irin na dattijai. Ba haka ba ne. Dama ba ta iya yanko tuwo, hagu kuwa ba a sa ta a akushin jama'a. Tun kana goye ban ƙara zama na ci abinci a kwano ɗaya da maza 'yan'uwana ba. Ranar sunan ƙanenka, baƙi suna ci a zaure, ni mai gida ina kewaya su ina cewa na riga na ci. In na miƙa hannu a masallaci, baƙon da bai san ni ba yakan ji hannun bai riƙe nasa ba, in ga fuskarsa ta canja, yana zaton raina shi na yi. Ban faɗi wannan domin ka ji tausayina ba. Allah Ya bar mini raina, Ya ba ni ku, na gode maSa. Na faɗa ne domin ka san farashin abin da ka zura a bakin taguwar nan har wajen agogo.

Ka tsira ne saboda mace ce, fiƙoƙinta ƙanana ne, kuma tafiya da yunwa sun gama da ita. Tun farin nan da aka yi, dabbobin da ke gangarowa daga arewa da yawansu ba su da ƙarfin ko kora ƙuda. Kada ka ɗauki wannan a matsayin halin raƙumi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ka yi an yaba maka. Wanda ya yi kuskure ya sha wuya ya huta, ya koya. Kai hannunka ya koyi cewa abin yana yiwuwa. Ga sanyi yana shigowa, amalai za su fara kumfa, kuma wata Alhamis wani zai ce, "Ku kira malamin nan da ba ya bukatar igiya."

In ranar ta zo, ga abin da nake so ka yi. Ka sa a gurfanar da shi a ɗaure gwiwoyin gaba duka biyu, ba ɗaya ba. A sa igiya a muƙamuƙin ƙasa, mai shi ya riƙe, domin shi ya san dabbarsa. Kada ka ɗauka tsayawa a gefe ko a baya ya fisshe ka, wuyansa yana kaiwa inda ba ka zato. A kama leɓen sama da na ƙasa daga waje a buɗe, kai kuma ka duba da ido. In dole sai an shiga ciki, a sa itace tsakanin haƙora tukuna, ko ƙarfen da aka ba ku domin haka. In ka ga kumfa da jar jakar nan, ka ce a dawo da shi wani lokaci, ko da mai shi zai yi fushi. Kuma duk dabbar da ba ka taɓa dubawa ba, ka faɗa a fili cewa ba ka taɓa ba. Na san nauyin wannan magana a bakin saurayi mai farar riga in jama'a sun kewaye shi. Ni ma nauyinta ne ya hana ni jiran Agali ya ɗauko igiya. Waɗanda suka taru suna kallona ran nan duk sun koma gidajensu sun ci tuwo da hannuwansu.

Ɗanladi zai ba ka wani ƙunshi tare da wannan takarda. Igiyar rama ce, ni na tufka ta. Na riƙe bakinta da babban yatsan ƙafa, ina murzawa a cinya da tafin hagu, ina jan ƙulli da haƙori. Mahaifiyarka ta leƙo ta gan ni, ta ce, "Malam, yau kuma birin Gumel ka koma?" Na ce mata wurinsa na koya. Ba ta yi kyau kamar ta kasuwa ba, amma na gwada ta a turken jaki, ba za ta tsinke ba. Ka sa ta a jakar aikinka, a sama, inda hannunka zai fara cin karo da ita kafin ya kai ga komai.

Allah Ya kiyaye ka daga sharrin abin da ke da baki da abin da ke da farce, da sharrin yabon mutane. Ya sa ka gama wannan aiki lafiya, ka tsufa kana cin abinci a cikin jama'a. Ya yi maka albarka, Ya dawo mana da kai cikakke kamar yadda ka fita. Amin.

In ka karanta, ka ba ni amsa ta hannun Ɗanladi. Ko layi biyu ne sun isa. Amma kada ka aiko da saƙon baki, kada kuma ka sa wani ya rubuta maka. Ka rubuta da kanka, da hannunka na dama. Na san rubutunka, shi nake so in gani.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Idrisu